Mai Sa Kwaɗi Kokowa

Fim ɗin minti biyar ne kacal. Sunansa Bon Voyage Sim, ya fito a 1966, kuma duk 'yan wasan da ke cikinsa kwaɗi ne, kwaɗin tawada, baƙin layi a kan farar takarda. Shugaban jamhuriyar kwaɗi, mai suna Sim, ya sami gayyata daga takwaransa na wata ƙasa, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da fareti da duk ƙasaitar da ake yi wa manyan baƙi. Kafin mai kallo ya gyara zama an gama. To amma a yi lissafi. Na'urar majigi hoto 24 take wucewa da shi a kowace daƙiƙa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, hoto 7,200 ke nan. Ko da mai zane ya bi al'adar masu sana'ar ya ɗauki kowane zane sau biyu, gurbi 3,600 ne ke jiran hannunsa. Akwai dabarun rage wannan nauyi, za mu zo kansu, amma babu dabarar da ke ɗauke wa mutum zaman. Wanda ya yi wannan zama shi ne Moustapha Alassane, ɗan Nijar, wanda ya zaɓi Tawa ta zama mazauninsa da wurin aikinsa. A ganina, duk faɗin Adar da ƙasar Konni, daga Illela zuwa Malbaza har Bazaga, ya kamata sunansa ya zauna a bakin mutane yadda sunayen 'yan kokowa suka zauna.

An haife shi a 1942 a N'Dounga, wani gari a bakin kogin Kwara, ba nisa da Yamai. Kanikanci ya koya. Amma tun kafin ya taɓa riƙe kyamara ya riga ya haɗa tasa silimar. Akwati yake samu ya sa fitila a ciki, ya yi zane a kan farar ledar nan da ake naɗe kwalin taba da ita, wadda haske ke ratsawa, ya riƙa gitta zanen ta gaban fitilar, hoto ya faɗa a bango, jama'a su taru. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna aci-balbal ya san wasan inuwa, inda hannu biyu kan zama kan kare ko kunnen zomo a jikin bango. Yawancinmu a nan muka bar wasan. Shi ya bi shi har ya zama sana'a.

Hanya ta buɗe masa a Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai binciken al'adu da ɗaukar fim wanda ya daɗe yana aiki a Nijar. A cibiyar binciken da Rouch yake aiki da ita ya koyi sarrafa kyamara, kuma Rouch ne ya taimaka masa ya tafi Kanada, inda ya zauna da Norman McLaren na hukumar finafinan ƙasar. McLaren gwani ne na gaske. Yakan yi zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba, har sautin ma yakan zana shi da hannu, kuma fim ɗinsa Neighbours na 1952 ya ci kyautar Oscar. Babban karatun da aka san shi da shi shi ne cewa abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto ya fi abin da ke cikin kowane hoto muhimmanci. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren sana'ar, don haka bari mu tsaya a kansa.

Babu abin da ke motsi a cikin fim. Hotuna ne tsayayyu, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, ana wuce su da saurin da ido ba zai iya rarrabe su ba, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ce ta ga motsi. Kowane ɗan makaranta zai iya gwada wannan yau. Ya ɗauki tsohon littafin rubutu, ya ɗiga ɗigo a kusurwar shafin farko, a shafi na biyu ya ɗiga shi sama kaɗan, a na uku sama da haka, har shafi ashirin, sannan ya sa babban yatsa ya saki shafukan da sauri. Ɗigon zai tashi sama. Idan ya sake gwadawa, ya matse tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, zai ga ɗigon yana hawa a hankali. Idan ya buɗe tazarar, ɗigon zai yi tsalle. Ke nan sauri da nawa, nauyi da rashin nauyi, gajiya da kuzari, duk a tazara suke. Mai wannan sana'a tazara yake aunawa, zanen kuwa abin da ke riƙe ma'aunin ne.

Ɗauki tsallen kwaɗo. Mai koyo zai zana kwaɗo a ƙasa, ya zana shi a sama, ya zana shi ya sauka, ya cike tsakani daidai wa daida. Idan aka haska, sai a ga wani abu yana shawagi ba rai a jikinsa. Gwani ya san cewa kwaɗo ba ya tashi sai ya fara takurewa, ya tattara ƙafafun baya, ya danna jikinsa ƙasa. Wannan takurewar ita ke gaya wa ido cewa ga abu nan tafe. Daga nan sai tashi, a zane biyu ko uku masu faɗin tazara, jiki a miƙe, ƙafafu na bin baya. A can ƙololuwa sai tazarar ta matse, don duk abin da aka jefa sama yakan ɗan dakata kafin ya juyo. Sai saukowa da sauri, sai jiki ya baje a ƙasa na ɗan ƙiftawar ido kafin ya koma siffarsa. Cire takurewar farko ko bajewar ƙarshe, yaro ɗan shekara biyar zai ce maka wannan ba tsalle ba ne, ko da ba zai iya faɗin abin da ya ɓace ba. Ido ya riga ya haddace yadda duniya ke motsi, ba a yi masa ƙarya a wannan fanni.

Shi ya sa aikin yake farawa daga kallo. Yadda tsoho ke miƙewa daga tabarma, hannu a gwiwa, kai ya riga ƙugu tashi. Yadda mace mai tulu a ka ke tafiya, wuya a tsaye cik, ƙugu ne ke karɓar girgizar. Yadda raƙumi ke durƙusawa kashi-kashi, gaba sannan baya. Mai zane ya san waɗannan a daƙiƙa da rabin daƙiƙa, ya kuma san wanne zai ƙara wa gishiri don a gane shi daga nesa.

A teburin aiki kuwa ga yadda abin ke tafiya. Ana fara zana manyan matsayi, wato farkon motsi, tsakiyarsa da ƙarshensa. Sannan a ɗora takardun a kan gilashi mai fitila a ƙarƙashi, yadda za a riƙa hango zanen ƙasa ta cikin takardar sama, a cike abin da ke tsakani. Kowace takarda tana da huda a gefe da ake sakawa a 'yan turaku, don in takarda ɗaya ta goce da faɗin ƙwayar gero, a allon majigi sai a ga hoton duka ya yi rawa. Dabarun rage wahala da na ambata su ne irin waɗannan: bango da itatuwa da duk abin da ba ya motsi a zana shi sau ɗaya, masu motsi a zana su a farar leda a riƙa ɗorawa a kai. Tafiya kuwa, da yake taku yana maimaita kansa, zane takwas ko goma sha biyu sun isa a yi ta juya su har mai tafiya ya ƙure hanya. Sojan fareti ɗaya da aka zana da kyau yana iya zama runduna. Akwai kuma tsayawa, inda ake barin zane ɗaya ya daɗe ba motsi. Mai koyo yana tsoron tsayawa, gani yake an daina aiki. Gwani ya san a nan dariya take fashewa, lokacin da shugaba ya ɗaga hanci ya ƙame yana jiran tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da mutanen zamanin Moustapha shi ne a makance suke aikin. Yau mai waya yana ɗaukar hoto ya duba nan take. A wancan lokaci fim sai an wanke, kuma akasarin finafinan ƙasashen da Faransa ta raina can Faransa ake kai su wanki. Mutum zai yi makonni yana ɗaukar zane ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zaren ya aika, ya zauna jira, sai bayan ya dawo zai san ko tsallen ya yi tsalle. Dole lissafin lokaci ya zauna a kansa daram tun kafin ya taɓa kyamara. Aikin masaƙi ne a bakin masaƙa, zare ɗaya bayan ɗaya, amma masaƙin da ba zai ga zanen da ya saƙa ba sai bayan an kai kasuwa an dawo da shi.

Kafin duk wannan akwai matakin da ya haɗa sana'ar da 'yar'uwarta ta takarda. Ba a fara motsa komai sai an zana labarin gida-gida a takarda: gida na farko wasiƙar gayyata ta iso, na biyu shugaba ya fito, na uku jirgi ya tashi. Wannan shi ne labarin zane irin wanda 'yan makarantar ƙasashen rainon Faransa suka riƙa karantawa a mujallar Kouakou tun daga 1966, ko wanda mutanen Najeriya suka sani a Ikebe Super ta Wale Adenuga daga 1976, ko zanen Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust a zamaninmu. A takarda, mai zane yana nuna maka hannu a ɗage a gida ɗaya, a gida na gaba ya nuna maka mutum a ƙasa, kai mai karatu ka cike marin da kanka. A fim, mai zane ne zai cike shi da hannunsa. Amma zaɓen wane lokaci za a nuna, wanne za a tsallake, daga ina za a kalli abin, ilimi ɗaya ne. Wanda bai iya ba da labari a gida shida na takarda ba, ba zai iya a hoto dubu bakwai ba.

To me ya sa kwaɗi? Mai tatsuniya ba zai yi wannan tambaya ba. Mun daɗe muna aika Gizo da kura da zaki su faɗi abin da bakin mutum ba zai faɗa a gaban sarki ba. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Biyetnam, wadda ita ma ta sha mulkin Faransa, akwai ƙauyen Dong Ho da ke kusa da Hanoi, wanda ya shahara da hotunan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako a sayar lokacin bikin sabuwar shekara. Cikin sanannun hotunansu akwai na bikin auren ɓeraye, inda 'yan rakiya ke miƙa wa kyanwa kifi da tsuntsu don ta bar su su wuce, akwai kuma na kwaɗo malamin makaranta da ɗalibansa.  Biyetnam da Nijar sun taɓa haɗuwa ta wata hanya mai ɗaci: Oumarou Ganda, abokin tafiyar Moustapha a silimar Nijar, ya je yaƙin can a matsayin sojan Faransa, kuma daga abin da ya gani ya yi fim ɗinsa Cabascabo. Inda duk kunnen mai mulki yake da kaifi, alƙalamin mai zane yakan koma wajen dabbobi.

A duba shekarar da Sim ya yi tafiyarsa. A watan Janairun 1966 soja suka karɓe mulki a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, a ranar 15 ga watan kuma aka yi juyin mulkin Najeriya da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A ranar 24 ga Fabrairu aka hamɓarar da Kwame Nkrumah na Ghana yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Ƙasashen ba su wuce 'yan shekaru da samun 'yanci ba, amma jiragen shugabanni da jan kafet da faretin tarba sun riga sun zama abin kallo na kullum, talaka na gefen hanya yana tafi. Saurayi ɗan shekara 24 ya dubi wannan, bai rubuta takardar koke ba, ya zana kwaɗo mai tumbi yana taƙama. Siffar kwaɗo ta yi masa rabin aikin: faffaɗan baki na jawabi, idanu a waje, ƙirji mai kumbura. Layinsa kuma ba shi da ado, 'yan zare ne kaɗan, amma kowanne yana aiki. Wasu za su ce rashin kayan aiki ne ya sa. Ni ina ganin ko da an ba shi duk launukan duniya, wannan labari ba ya bukatar fiye da haka. Shekara ɗaya kafin nan ya riga ya yi La Mort de Gandji, shi ma a duniyar kwaɗi da fadar sarkinsu, wanda ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Da waɗannan biyu ake lissafa shi cikin na farkon da suka yi zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara.

Bai tsaya a zane ba. Ya yi finafinai da mutane: Aouré a 1962, kan yadda ake aure a ƙauyen Zabarmawa; Le Retour d'un aventurier a 1966, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa gari ya rikice, fim ɗin da ya fito da 'yar wasa Zalika Souley; F.V.V.A. a 1972, kan kwaɗayin mata da gida da mota da kuɗi. Da Toula, labarin fari da sadaukar da budurwa, daga rubutun Boubou Hama. Lokacin silimar Nijar na tashe, don a 1972 ne Oumarou Ganda ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu da Le Wazzou polygame. Moustapha ya kuma shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekara 15. Waɗannan duk sun cancanci nasu rubutun. Ni inda hankalina yake shi ne 'yan tsanarsa.

Motsa 'yar tsana wani reshe ne na sana'ar, kuma ya fi zane rashin yafiya. Ana haɗa mata ƙashi na waya ko ƙarfe mai gaɓoɓi, wanda zai lanƙwasu amma ya tsaya inda aka bar shi, a lulluɓe da tsumma ko fata, a yi mata kai da tufafi. A gina mata ɗan fili a kan tebur. A kafe kyamara yadda ko kaɗan ba za ta gusa ba. Sai mai aiki ya matsa hannun 'yar tsana kaɗan, ya janye nasa hannun, ya ɗauki hoto ɗaya, ya dawo ya ƙara matsawa, ya janye, ya ɗauka. A zane, in takarda ɗaya ta ɓaci sai a yage ta a sake. A nan kuwa in gwiwar hannunka ta ture wani abu a hoto na ɗari da hamsin, babu komawa, sai dai a faro daga farko. Hasken rana ba ya amfani, don rana na tafiya, inuwa za ta riƙa rarrafe a cikin hoton, sai ɗaki a rufe da fitilu. Ba a kunna fanka, don iska za ta kaɗa rigar 'yar tsana tsakanin hoto da hoto. Wanda ya san zafin Tawa a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi. A nan nake ganin kanikancin Moustapha ya biya shi: mutumin da ya san gaɓa da ƙusa da yadda ake ɗaure abu ya tsaya, ba ya jiran a kawo masa kaya daga Turai kafin ya fara.

Da 'yan tsana ya yi Samba le Grand a 1977, mai launi, labarin jarumin da ya nemi auren gimbiya ta yi ta ɗora masa sharuɗɗa. Amma wanda ya fi kusa da zuciyar mutumin Adar shi ne Kokoa, gasar kokowa a ƙasar dabbobi, kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye a fili, 'yan kallo sun kewaye su.

Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a kawo kokowa gaban 'yan Nijar a ce 'yan tsana ne za su yi ta. A Tawa aka yi gasar takobi ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, kuma tun daga lokacin babu wasan da ke tsayar da ƙasar cik irin wannan. Kowane manomi alƙali ne. Ya san yadda ɗan kokowa ke shiga fili da layu da guraye, yadda yake duƙawa ya shafi ƙasa, yadda biyun ke kewaya juna a sunkuye, wannan ya miƙa hannu wancan ya kaɗe, kai ya jingina da kai, a yi shiru kamar ba abin da ke faruwa alhali kowanne yana auna nauyin ɗan'uwansa. Minti biyu, uku, ana wannan. Sannan a ƙiftawa ɗaya ƙafa ta shiga, ƙugu ya juya, mutum na ƙasa, fili ya ɗauki ihu. Ga mai motsa 'yar tsana, wannan lissafi ne mai wuyar gaske. Kewayen da jinginar suna cin ɗaruruwan hotuna masu matsattsiyar tazara, inda motsin bai wuce a ce an taɓa ba, amma dole a ji ƙarfi a cikinsa, a ji cewa jiki biyu na turin juna. Kayen kuwa bai wuce hoto shida ko takwas ba. In ya ƙara, sai ya zama rawa. In ya rage, ido ba zai kama wanda ya kayar ba. Ga kuma matsalar tsakiyar kaye, lokacin da ɗaya ya bar ƙasa yana sama: 'yar tsana ba ta tsayawa a iska, sai an tallafe ta da abin da kyamara ba za ta gani ba, a kowane hoto. Bayan haka ba su biyu kaɗai ke fili ba. 'Yan kallo ma sai an motsa su, in ba haka ba sai a ga gumaka sun kewaye masu rai. Kowane hoto ɗaya, hannu zai bi kan wannan, ya bi kan wancan, ya tuna wa ya ɗaga hannu zuwa ina, wa ke kan hanyar sauke nasa.

Wanda ya kalli Kokoa zai gane mai shi ya zauna bakin fili ya kalli kokowa da idon ƙauna. Dariyar da ke ciki ba ta raini ba ce, irin dariyar da cali-cali ke ba mutane ce tsakanin karo da karo, ta ɗan gida da ya san abin. Ya kuma zaɓi 'yan wasansa da hikima, don kowace dabba ta zo da nata salon motsin: kwaɗo da ƙarfin cinya, hawainiya da takunta na jinkiri, tsuntsu da dogayen ƙafafu. Kafin a kama, jikinsu ya riga ya gaya maka yadda kowanne zai yi kokowarsa.

A Tawa yana da masaukin baƙi, kuma a cikinsa ya keɓe ɗakunan aiki, da 'yan tsanarsa da kayan ɗauka. Da kwamfuta ta zo bai ce ya tsufa ba, ya koma ya koyi yin zane mai motsi da ita. Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin finafinai na Cannes a 2007. Ya rasu ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu, Allah ya jiƙansa. A 2017 gidan adana fasahar zamani na New York, wanda ake kira MoMA, ya ware kwanaki yana nuna finafinansa.

Hannun Bahaushe ba baƙon layi ba ne. Mai zayyanar allo, mai ɗinkin aska takwas a gaban riga, mai ƙwarya da wuƙar zane, maginin da ke fitar da dagi a fuskar soro a Damagaram ko Zariya, duk sun san daidaito da haƙurin maimaita abu sau ɗari. Labari kuwa ba a fi mu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa biyun. Kano na fitar da finafinai ba adadi, amma yaranmu katun ɗin wasu ƙasashe suke kallo a tele da waya, da harshen da ba nasu ba ko da fassarar da aka ɗora daga baya. Har labarin da ya samo asali daga Sarauniya Amina ta Zazzau, Roye Okupe ne ya mai da shi littafin zane mai suna Malika, da Turanci. Ya kyauta ƙwarai, amma ina namu, da Hausa?

Ga shi kuwa shingen da ya fi wahalar da Moustapha ya faɗi. Wayar hannu ta yau tana da manhajar ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, tana nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu don a auna tazara, tana kuma haska abin da aka ɗauka nan take, ba jiran wanki. Yaran Bazaga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar sauran yaran karkara, suna gina shanu da dawaki da raƙuma da yumɓu bayan ruwa ya sauka, suna haɗa motoci da kara da gwangwani. 'Yan wasa ke nan a shirye. Abin da ya rage shi ne a kafe wayar tsakanin bulo biyu kada ta gusa, a sami ɗaki da fitila ɗaya mai tsayayyen haske, a riƙa yayyafa wa yumɓun ruwa kada ya bushe ya tsage, a fara da abu ƙarami: sa ɗaya ya sunkuyar da kai ya sha ruwa ya ɗago, daƙiƙa biyar, hoto 60 in kowanne zai fito sau biyu. Malamin firamare ɗaya mai sha'awa zai iya jagorantar wannan a yammacin Laraba.

Amma yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba, kuma gani ya kori ji. Finafinan da aka haska wa mutanen New York ya kamata a haska su a Tawa da Birnin Konni da Malbaza da Illela, a makarantu da gidajen matasa, a ɗora wa masu bukatar fassara muryar Hausa. Kokoa bai cika minti 15 ba. Duk shekarar da gasar takobi ta zagayo, ana iya kafa farin ƙyalle a filin kokowa bayan sallar isha'i, a haska shi ga mutanen da suka wuni suna kallon kaye, a kuma gaya musu cewa a Tawa mai shi ya zauna.